ZAUREN ANTI: Sayen Nagari, Mai da Kuɗi Gida



Wasiƙar wannan fitowa ta zo ne daga wata ƙanwata 'yar aji huɗu na sakandare, daga wani ƙauye da ke bayan Dawanau, ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Ta ce kullum sai ta makara saboda nisa, har Baba ya fara cewa ko dai ta haƙura da karatun. Mama ta kwashi adashi za ta sai mata keke, ƙaninta ya dinga kai ta, wani lokacin ta hau da kanta. Sai dai idonta na kan wani jan keken hawa dutse mai giya 21. Wai Anti ya kika gani?

To ƙanwata, zaɓen keke kamar zaɓen miji ne, ba a ruɗuwa da kyan fuska. Shi keken hawa dutse an ƙirƙiro shi ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, don masu gangarowa daga tsauni. Mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take. Abokan gabarki su ne yashi, burji, lakar damina da ƙayar tsidau. Saboda haka ki duba waɗannan:

Na farko, gangar jiki. Ki zaɓi ta ƙarfe, domin in ta tsage mai walda zai haɗa ta nan take, ta alminiyom kuwa ba kowa ke iya ɗinke ta ba. In gwanjo ne, a duba mahaɗai da kyau, sabon fenti yakan ɓoye tsatsa da tsohuwar walda.

Na biyu, taya. Mai faɗi, mai kaushi, inci 26, ita ce ba ta saurin nutsewa a yashi, kuma samun irinta ba wuya.

Na uku, giya. Yawanta ba shi ne inganci ba. Ƙura na shiga, sarƙa ta fara zamewa. Giya ɗaya ko kaɗan ta ishe ki. Haka nan sifirin ɗin tsakiya na keke mai araha, nauyi ne kawai, ga shi yana hana ɗaura kariya. Ki tuna, araha ba ta ado.

Na huɗu, kariya mai ƙwari, tunda goyo za a yi. Nan ne tsofaffin Raleigh da Phoenix na iyayenmu suka yi zarra, har buhun gero suna ɗauka zuwa kasuwa.

Na biyar, wallahi wannan ya fi damuna: murfin sarƙa. Hijabi ko bakin zani in ya shiga sarƙa, sai dai a tsince ki a ƙasa. Ki dinga tattare shi, kuma a gwada birkin gaba da na baya kafin a biya, domin titin Katsina a daidai Dawanau cike yake da manyan motocin hatsi.

Kada ku je ku kaɗai. Ku tafi da mai gyaran keken garinku, ku tambaye shi wanne yake da kayan gyaransa.

Baba kuma a lallashe shi cikin ladabi. A jihar Bihar ta Indiya, tun 2006 gwamnati ta fara ba 'yan mata kuɗin sayen keke, kuma masu zuwa sakandare suka ƙaru sosai. Kin ga ke nan ba ke kaɗai nisa ya so ya raba da aji ba.

Ki rubuto min ranar da kika riga mai ƙararrawa isa makaranta. Allah Ya ba da sa'a.

Taku har kullum,
Anti