Kai Da Ke Jin Kunyar Hawa Keke, Zo Mu Yi Lissafi

Idan ka taɓa yin sammako ka tsaya a bakin titin Gwarzo, wajen Janguza, da misalin ƙarfe bakwai na safe, to ka ga abin da nake gani kusan kullum. Mutanen ƙauyukanmu na Tofa suna gangarawa birni a kan kekuna. Wani ya ɗaure buhun gawayi a kariya, wani kejin kaji, wani dattijo kuma damin rake. A gefe guda ga mu nan, samari masu jakar goyo da waya a hannu, mun yi cirko-cirko muna jiran ɗan sahu, muna ja-in-ja a kan naira hamsin. Kafin a samu wanda zai ɗauke mu, dattijon nan ya yi nisa.

Wannan ne ya sa na sayi tsohon keke a zangon karatun da ya wuce. Ranar farko da na shiga makaranta da shi, wani abokina ya ɗauke ni hoto ya jefa a guruf ɗin ajinmu na WhatsApp, ya rubuta wai “Alhaji ya sauke sabuwar mota.” Aka yi ta dariya, ni ma na tura tawa dariyar, amma wallahi abin ya sosa min rai. Kwana biyu ban fito da keken ba. A rana ta uku aljihu ya yi min nasiha.

Kai ma zo mu yi lissafin tare. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin ranar, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma ya taɓa 1,000 a gidajen mai da yawa. Ya ɗan sauko daga baya, amma bai ko kama hanyar komawa inda yake ba. Ɗan sahu ba daga rijiya yake ɗebo mai ba, don haka a kanmu yake fanshewa.

A ce kana kashe naira 1,000 a rana, zuwa da dawowa. Kwana biyar a mako, mako huɗu a wata, ya kama 20,000. Daidai kuɗin da asusun NELFUND ke ba ɗalibi a wata domin ya ci ya sha ke nan, kuma bashi ne da za ka biya wata rana. Idan kuwa ƙaramin ma'aikaci ne kai a Kano mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 71,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a kan titi. Keke fa? Da zarar ka saya, sai faci, sai ɗan man sarƙa, sai canjin taya jefi-jefi.

Kuma Allah ya yi Kano a shimfiɗe. Ka cire Dala da Goron Dutse, da wuya ka haɗu da hawan da zai sa ka sauka ka tura. Wanda ke tuƙi a natse yana cin kilomita biyar cikin kamar minti ashirin. Ka tuna sau nawa ka ɓata fiye da haka a cikin cunkoson Kabuga, gwiwarka a manne da ta wani.

To me ya hana mu? Abu biyu ne a ganina. Ɗaya yana cikin kanmu, ɗayan yana kan kwalta.

Na cikin kanmu shi ne kunya. Ka tambayi kakanka abin da Rali ko Fonis yake nufi a zamaninsu. Malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwa mai rufin asiri su ne masu keke, ana goge shi ana yi masa ado. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya taɓa kafawa a nan Kano. Da babur ya yi arha, sai keke ya koma na yara da na 'yan ƙauye. Mu kuma muka zo da namu salon: a TikTok da Instagram, kowa jingine yake da motar da ba tasa ba. Saurayi ya gwammace ya ci bashin kuɗin sahu da budurwarsa ta hange shi yana taka feda. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, mu kuma mun naɗa shi har da kunne biyu.

Amma kada in yi maka ƙarya, ko ka ajiye kunyar, titin yana nan yana jiranka. Ka duba yadda zirga-zirgar Kano ta sauya cikin shekarun nan. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. A Daidaita Sahu, wanda ya samo sunansa daga shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, shi ya gaji titin. Daga nan gwamnatoci suka shiga tseren gadoji: ta Ƙofar Nassarawa, ta ƙasa a Kabuga, ta Dangi, ta Sabon Gari, ta Hotoro, sannan ayyukan Tal'udu da Ɗan Agundi na gwamnatin Abba Kabir Yusuf. Aiki ne na biliyoyin naira, kuma ba na musun amfaninsa. Tambayata ita ce, a cikin duk waɗannan, ina aka ware wa mai keke ko da faɗin tabarma?

Mai keke a Kano gefen titi yake raɓawa. Gefen titin nan kuma shi ne tashar ɗan sahu, shi ne shagon mai kankana, shi ne wurin ajiye mota, shi ne inda yashi ke taruwa. Ni kaina akwai ranar da wani ɗan sahu ya hangi fasinja wajen Rijiyar Zaki, ya yanko gabana ba sigina, sai ga ni a ƙasa gwiwa a goge. Da na miƙe, cewa ya yi ni ne ba na kallon gabana.

Wannan matsalar ta girme mu. A 2001, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya fito yana kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke. Aka mai da shi abin barkwanci. Sannan wata rana yana kan kekensa a Abuja, mota ta tura shi cikin kwata. Minista guda ke nan, ina ga ni da kai?

Za ka ce ai Holan ma keke suke hawa, har tsohon firaministansu Mark Rutte da shi yake zuwa ofis. Gaskiya ne, sai dai ba haka suka tashi suka tarar da abin ba. A 1971, mutum fiye da 3,000 ne suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga. Sai kuma matsalar man fetur ta 1973 ta zo, har gwamnati ta hana fitowa da motoci a ranakun Lahadi na wani lokaci. Tsadar mai da matsin lambar jama'a su suka sa aka fara gina wa keke hanyarsa daban. Mu ma tsadar man ta same mu. Matsin lambar ce babu. Kuma ba sai mun je Turai ba: a Wagadugu ta Burkina Faso, manyan tituna da dama suna da layin masu ƙafa biyu a gefe, maza da mata kowa na hawa.

Akwai abin da dole in amsa kafin ka faɗa min a ƙasan rubutun nan. Keke ba zai yi wa kowa ba. A watan Afrilu, zafin Kano yana kai digiri 40. Wanda zai taso daga cikin garin Tofa zuwa Kantin Kwari kullum, tafiyar ba ta wasa ba ce. Tsoho da mara lafiya da mai ciki mota suke buƙata. 'Yar'uwata mai karanta wannan kuma, na san abin da za ki ce: yarinya tana hawan keke har ta fara girma, daga nan sai idon unguwa ya sauke ta. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya ce mana “ku hau keke” don ya kauce wa maganar motocin haya masu sauƙi, ya raina mana hankali. Muna son motocin, muna kuma son hanyar keken.

Abin da ya kamata mu nema ba shi da tsadar gada ɗaya. A ware layin keke mai shinge a titin Gwarzo daga Kabuga zuwa Janguza, tunda titi ne na ɗalibai da ma'aikata da manoma. Fenti kaɗai ba zai yi ba, ka san halin direbobinmu. KAROTA ta tsare layin kamar yadda take tsare danja. Makarantu da kasuwanni su yi rumfar ajiye kekuna mai maigadi, don tsoron ɓarawo ma yana hana mutane saye. A dasa bishiyoyi a gefen hanyar saboda inuwa. A bai wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata bashin keke su biya a hankali. Ƙaramar hukumar Tofa kuma ta riƙa gyara hanyoyin ƙauyuka kafin damina ta cinye su.

Kafin a yi wannan, idan ka yanke shawarar hawa, ka kiyaye kanka. Ka duba birki kafin ka fito. Ka sa fitila gaba da baya. Kada ka yi wan-we. Ka cire abin kunne, ka jefa waya cikin jaka, ka ga ka rage wa masu ƙwace ma sha'awa. Ka sayi kwaɗo mai kyau.

Zaɓen 2027 yana tafe, 'yan takara za su zo neman mu a Facebook da X, su ce mu ne manyan gobe. Idan sun zo, a cikin tambayoyinka ka saka wannan: ina hanyar mai keke? Kuma don Allah, idan ka ga ɗan ajinku ya shigo a kan keke, ka mayar da wayarka aljihu. Abokin nan nawa da ya ɗauke ni hoto, makon jiya ya ari nawa ya je kasuwa, har yanzu kuma bai saka wannan a guruf ba.