Ku daina yi wa fankar lagireto "dairek"

Jama'a ga zare kan fankar lagireto mai aiki da batir, musamman ga masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga daji da rairayi. Ni ɗalibi ne, ba ni da gareji, amma abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Da mota ta fara zafi, maganin kusan ɗaya ne a ko'ina: a cire tamostat a jefar, a sayo fankar tokumbo, a ja mata waya daga makulli. Ka murɗa ta tashi, ka kashe ta mutu. Wai an yi mata dairek. Iyayenmu masu rewaya a yi haƙuri, amma wallahi wannan ba gyara ba ne.

Babbar fanka tana jan amp 15 zuwa 25 tana cikin aiki, lokacin tashi kuma takan ninka haka. Makulli da siraran wayoyin bayan sitiyari ba don wannan nauyin aka yi su ba. Waya ta yi ta zafi, robarta na narkewa a hankali, ranar da ta taɓa bodi sai hayaƙi. In babu fis, babu abin da zai yanke wutar. Yanzu ka ce a tsakiyar daji ne, ga jarkokin mai a baya.

Abin haushin, rile ɗin da zai hana duk wannan bai wuce kwalin ashana ba. Juya shi za ka ga lambobi huɗu. 30 ita ke karɓar kakkaurar waya daga batir, 87 ta kai wa fanka. 85 da 86 na umarni ne kawai: ɗaya daga makulli, ɗaya ta bi ta suwic ɗin da ke jin zafin ruwa. Ruwa ya kai wajen digiri 90, suwic ya rufe, rile ya ce ƙas, fanka ta tashi. Ya huce, ta huta.

Fis ɗin kusa da kan batir ake sa shi, ba can kusa da fanka ba. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai gadi. In fanka biyu ce, kowacce da nata rile da fis, don in ɗaya ta mutu ɗayar ta kai ka gida. A kuma duba, wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal volt 24 ne ba 12 ba.

Tamostat kuwa ku bar shi. A injinan Toyota da yawa wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma injin da bai kai zafinsa ba mai yake sha, ya yi ta cin kansa.

Ga inda za mu yi faɗa da wasunku. Ni ban yarda a cire fankar asali mai juyawa da bel a maye gurbinta da ta batir ba, in dai motar aikin daji take yi. A rairayi, irin hanyar Agadez zuwa Dirkou, mota na tafiya a hankali, inji na kuka, babu iskar gudu da ke shiga lagireto. A nan fankar bel da gidanta lafiyayye tana jan iskar da ƙaramar fankar tokumbo ba za ta ja ba. Sau da yawa kulocin fankar ne ya mutu, ko lagireto ya toshe da laka da ƙaiƙayi. A fara da nan. Ta batir ta zo a matsayin ƙari a gaba, in altaneta zai iya ɗauka, ga fitilu ga AC.

Masu tsallake rafi da damina, a sa muku suwic na kashe ta da hannu, domin ruwa kan lanƙwasa fukafukan su yagi lagireto. A haɗa shi da ƙaramar fitila a dashbod, kar ka fita ruwa ka manta tana kashe.

Kafin ka biya kuɗin aiki, a tayar da fankar ka kara takarda a gaban lagireto. In ta manne, iska na tafiya wajen inji, daidai ne. In ta ture takardar waje, an juya wayoyin, Oga ya sake kama sukundireba.