La'ada ko Ɗori? Tsokaci a kan Cinikin Motocin Yayi a Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da kaka, ya ratse a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga abubuwa biyu suna wuce juna a kan titi. Na farko manyan motoci ne shaƙe da buhunan masara da shinkafa sun nufi birni. Na biyu kuwa ƙananan motoci ne da babura, waɗansu ko lamba ba a ɗaura musu ba, sun baro birni sun nufi ƙauyuka. Wato dai amfanin gona yana fita, ƙarfe yana shigowa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan musaya, musamman game da motocin nan na yayi masu gudu da ƙyalli waɗanda samari ke rububinsu, da kuma abin da dillalai ke ɗorawa a kan kuɗinsu. Ra'ayin da za a kare shi ne, tsadar mota tana da dalilai na gaskiya waɗanda ba dillali ne ya ƙago su ba, amma ɗorin da ake ɓoye wa mai saye da mai sayarwa zalunci ne, kuma maganinsa shi ne a fito da ciniki fili.

Daga Doki zuwa Mota

Tun fil azal Bahaushe ya san abin hawa iri biyu. Akwai jaki, wanda ake saye da lissafi domin a kai taki gona a ɗauko dawa. Akwai kuma doki, wanda ake saye da zuciya domin a fita kunya ranar salla. Mai sayen jaki yakan taya, idan an ce albarka ya yi gaba abinsa. Mai sayen ingarma kuwa, da zarar dillali ya ga idonsa ya kafe a kan dokin, to ciniki ya ƙare, saura biya. Da mota ta zo, sai ta gaji wannan rabo. Kanta da Golf da Sharon su ne jakunan wannan zamani, Mercedes da BMW da Honda Accord masu ƙaramin ƙugu su ne dawakinsa.

Ɗori a kan kuɗin mota ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar nan kuma ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji tare da ariyas. Kuɗi ya cika hannu, kowa yana son Fijo 504, masana'anta kuwa ba ta iya ƙosar da jama'a ba. Sai aka shiga layi, masu hanya suka riƙa karɓar mota a kan farashin kamfani suna sayarwa da ƙari. Gwamnati ta kafa dokar ƙayyade farashi ta 1977, wadda ta haɗa da motoci da babura da kekuna da kayan gyaransu. Dokar ta tsaya a takarda, ciniki kuwa ya koma bayan fage. Daga nan aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka kuma karya darajar Naira a 1986. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da manomi, sai aka koma ga 'yar Kwatano, wato tsohuwar motar Turai da Amurka da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da ita ta ƙasar Nijar, ta shigo ta wajen Jibiya ko Maigatari.

Abin da ke Tsadar da Mota

Adalci ya wajabta a fara da abin da ba laifin dillali ba ne. Abu na farko shi ne canjin kuɗi. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. A 2015 Dala tana wajen Naira 197 a farashin gwamnati. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi halinta, kafin watan Fabrairu na 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Tun da yake da Dala ake sayo motar, da ita ake biyan jirgin ruwa, kuma da ita ake lissafa kuɗin fito, babu yadda za a yi farashi ya zauna wuri guda.

Abu na biyu shi ne iyaka. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan tudu. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyakar arewa har zuwa Maris 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa mota nisa da wahala kafin ta iso Kano.

Abu na uku ya taso ne daga can inda ake ƙera motocin. A 2021 da 2022 an yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa mota, masana'antu suka rage aiki, kuɗin tsofaffin motoci a Amurka ya tashi da kusan kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Dillalan can ma ba su bar damar ta wuce su ba, domin kuwa sun riƙa ɗora dubban Daloli a kan farashin da kamfani ya sanar, musamman a motocin tsere irin su Corvette, har sai da kamfanonin Ford da General Motors suka gargaɗi dillalansu a farkon 2022. Ashe ke nan halin ba na wata ƙabila ba ne. Duk inda masu so suka fi kaya yawa, ɗori zai leƙo.

La'ada Daban, Ɗori Daban

Dillanci sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa. Dillali shi ne ya san mai kaya, ya san mai nema, ya san aibin haja, kuma shi ne shaida idan rigima ta taso. Hakkinsa shi ne la'ada, kuma kowa ya san da ita, har akan faɗa tun kafin a sallama ko la'ada ciki ce ko waje. Babu mai hankalin da zai ce a hana shi wannan.

Ɗori kuwa wani abu ne dabam. Alal misali, a ɗauka mai mota a Kano ya ce a sayar masa a kan Naira miliyan 8. Dillalin farko ya ɗauki hotonta a waya ya tura wa abokinsa da miliyan 8 da rabi. Shi kuma ya tura wa wani a Kwanar Ɗangora da miliyan 9. Kafin labari ya kai kunnen saurayin da ya sayar da masararsa a Doguwa, mota ta zama miliyan 10, alhali ko taya ɗaya ba ta motsa daga inda take ba. Ranar biya sai a hana mai saye ganin mai sayarwa, a karɓi kuɗi a nan, a miƙa wani abu a can, sa'an nan kuma a dawo a nemi la'ada daga ɓangarorin biyu. Waɗannan su ne ake kira 'yan kayi-nayi. Ba su sa jari ba, ba su ɗauki asara ba, jahilcin mutum biyu kawai suka sayar.

Akwai kuma dabarar da ta fi wannan muni. Mai saye yana cikin dubawa sai wani ya ɓullo, ya zagaya motar, ya taya da kuɗi mai tsoka, alhali ba saye zai yi ba, an dai shirya da shi ne domin a zuga baƙo. Malaman fiƙihu sun san wannan da sunan najashi, kuma haramcinsa sananne ne ga duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki. Haka nan mayar da lissafin tafiyar mota baya, da shafe wa wadda ta yi hatsari ko ta sha ruwa fenti a ce lafiyayya ce, duk algushu ne, ko da wane suna aka kira shi.

Dillalai sukan kare kansu da cewa kasuwa ce, ba a tilasta wa kowa ba, kuma idan suka sayar a tsohon farashi ba za su iya mayar da irin motar ba. Wannan hujja tana da ƙarfi ga wanda ya sayi mota da kuɗinsa ya ajiye, domin shi yana iya cin riba yana iya faɗuwa. Amma ba ta kare wanda aka ba amanar sayarwa ya ɓoye farashi. Bugu da ƙari, jama'a sun lura cewa Dala ita ce hujja ranar da ta tashi, amma ranar da ta sauko ba a cika jin an ambace ta ba.

Wa ke Biyan Kuɗin?

Ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ƙasar noma ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya ƙaru a kudancin Kano, Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa da masara. Kuɗin manomi sau ɗaya yake zuwa a dunƙule, wato da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. A daidai lokacin ne kuma ake ɗaura aure, ake son a ga ango a cikin abin da ba a taɓa gani ba a garin. Saboda haka manomi yana sayarwa a ranar da kayansa suka fi arha, yana saye a ranar da kayan dillali suka fi tsada. A 2024 hatsi ya yi tsada ƙwarai, mutane da yawa suka ga kuɗin da ba su saba gani ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, taki bai sauko tare da shi ba. Wanda ya mayar da ribar shekarar farko mota, ya shiga ta biyu da abin da ke cin kuɗi kullum.

Domin kuwa sayen motar yayi somin-taɓi ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200, har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Motar da aka ƙera domin shimfiɗaɗɗen titin Jamus, cikinta yana kusan taɓa ƙasa, ba za ta ji daɗin hanyar Riruwai da damina ba. Idan ta lalace, bakaniken garin ba shi da na'urar da zai duba ta, sai a ɗauko ta a bayan wata motar zuwa Kano. Yayi kuma ba ya daɗewa. Ranar da mai ita ya gaji ya mayar da ita kasuwa, dillalin da ya rantse masa cewa irinta ba ta kwantai shi ne zai fara lissafa masa aibobinta. Da ma an ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Har ila yau, cutar ba ta tsaya ga mai son ƙawa ba. Halin ɗori da aka koya a kan motar yayi shi ake yi a kan Kanta da Sharon da babur. Direban da ya saya da tsada a kan fasinja zai fanshe, da mai buhu, da mai haƙurin da za a kai asibiti. Ta haka tsohuwar da ba ta taɓa mafarkin mallakar mota ba take biyan rabonta na ɗorin.

Ina Mafita?

Ba za a ce gwamnati ta yanka wa mota farashi ba, domin abin da ya faru bayan 1977 ya isa darasi. Abin da ake bukata ya fi wannan sauƙi. Na farko, ƙungiyoyin dillalan motoci su mayar da shi ƙa'ida cewa mai saye da mai sayarwa sai sun haɗu, ko sun yi magana baki da baki, kafin kuɗi ya fita. Na biyu, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da ainihin farashi da la'ada da lambar jikin mota da sunayen shaidu. Na uku, kada mai saye ya biya sai ya tabbatar da takardun kwastan, ya kuma zo da bakanikensa, ba na dillali ba. Na huɗu, hakimai da dagatai da limamai su riƙa faɗakarwa tun kafin kaka, kamar yadda suke yi game da rikicin manoma da makiyaya. Ƙungiyoyin manoma kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi motar ɗaukar kaya, wadda za ta biya kanta.

Kammalawa

Ba aibi ba ne mutum ya so abin hawa mai kyau, kakanninsa ma sun so doki. Amma su sukan cika rumbu tukuna kafin su je kasuwar dawaki. Dillalin kirki ba zai yi asarar komai ba idan aka bayyana farashi, hasali ma shi za a riƙa nema. Wanda zai koka shi ne wanda abincinsa ke cikin duhu. Saurayin Ƙiru ko na Bebeji kuwa, kafin ya miƙa kuɗi, ya kamata ya mayar da farashin zuwa buhuna, ya tambayi kansa damina nawa ya yi yana sunkuye kafin ya tara su, sa'an nan ya nemi sanin buhu nawa ne na mota, nawa ne na waɗanda suka tura hotonta.