Yaƙin Chadi Daga Haraji Ya Faro

Idan aka ambaci yaƙin basasar ƙasar Chadi, sai a ce ai rigimar Musulmin Arewa ce da Kiristocin Kudu. Masu mulki suna son wannan bayani, domin yana wanke su daga laifi.

Faransa ta ba Chadi mulkin kai ranar 11 ga Agusta, 1960, ta bar ta a karkace. Makarantu da gonakin auduga suna Kudu, yankin hamada kuwa sojan Faransa suka ci gaba da riƙe shi har 1965. Maimakon Shugaba Tombalbaye ya daidaita wannan, sai a 1962 ya soke dukkan jam'iyyu ban da tasa. Talaka ya rasa inda zai kai kuka.

Sa'an nan aka tura ma'aikata lardunan da ba su jin harshen mutanensu, suna karɓar haraji fiye da ƙa'ida, wani lokaci a karɓa a sake dawowa a karɓa. A ƙarshen 1965 manoman Mangalme suka ce ya isa, suka far wa jami'an gwamnati. Gwamnati ba ta binciki masu cin kuɗin ba, sai ta aika da soja. A 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat a garin Nyala na Sudan, ta tarar an riga an tara mata mutane. Daga baya Faransa ta kawo soja, Libiya kuma ta mamaye zirin Auzu a 1973. Bango ne ya tsage kafin su shigo.

Da addini ne tushen abin, da taron sulhu na Kano da na Legas a 1979 sun kashe wutar, tun da mulki ya koma hannun 'yan Arewa. Amma a 1980 Goukouni Weddeye da Hissene Habre, dukkansu Musulmi 'yan hamada, suka ragargaza Njamena a kan kujera.

Mazauna baƙunta ya kamata su lura da abin da ya faru a farkon 1979. Da faɗa ya ɓarke a Njamena, 'yan Kudu suka gudu gida da labarin kashe-kashe. Aka huce a kan fatake Musulmi mazauna Mundu da Sarh, aka hallaka masu yawa, alhali babu ruwansu da haraji ko kujerar mulki.