Ƙoƙon Bara Ya Koma Cikin Waya

Ina so yau in ta da wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Watau maganar sabon ƙoƙon nan da ya shigo cikin wayar hannu, wanda ake tara wa naƙasassu kuɗi da shi.

Kowa ya ga irinsa. Kana zaune a rumfa bayan la'asar, sai yaro ya miƙo maka waya, ka ga hoton gurgu a bakin zaure, ko makauniya da ɗan jagoranta, an rubuta halin da suke ciki, a ƙarƙashi kuma ga lambar asusun banki. Kafin ka ankara labari ya bi Facebook da WhatsApp ya kai Kano da Ikko da Kwatano, har ya kai ga 'yan'uwanmu mazauna Makka. Wannan ya tura ɗari biyar, wancan ya tura dubu goma, abin da mai bara ba zai tara ba a shekara sai ga shi ya taru a kwana uku.

Tun da fari in faɗa, kada a ɗauke ni maƙiyin abin. Alheri ne, kuma an ga amfaninsa. A Kano, Fauziyya D. Sulaiman, marubuciya, ta yi shekaru tana nema wa marasa lafiya da mabukata taimako ta Facebook, har a 2023 gwamnatin jihar ta naɗa ta mataimakiya ta musamman a kan sha'anin mabukata. Ba wanda zai ce hanyar da ake biyan kuɗin aikin asibiti da ita hanyar banza ce. Amma fa kowace sabuwar hanya tana zuwa da ramukanta, kuma na ga ɗaya daga cikinsu da idona a nan wajenmu, ƙasar Matsinkai.

Akwai wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ba, wanda shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana yaro. Ba ya bara. Gyaran takalma yake yi, ranar kasuwa ya tura kekensa ya tafi. Da keken ya lalace, sai wani ɗan ƙanensa mai karatun boko ya ɗauki hotonsa ya watsa, da kyakkyawar niyya, ya sa lambar asusunsa na kansa, domin shi mutumin ba shi da asusu. Kuɗi suka zo fiye da na keke. Aka sayi keke, madalla. To, daga nan ne fitina ta tashi. Ba wanda ya san iyakar abin da ya shigo sai yaron, hoton kuwa ya ci gaba da yawo wata da watanni, mutane suna ta turowa. Dangi suka rabu biyu, wasu na cewa an ci, wasu na cewa ƙazafi ne. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, maƙwabtan da suka saba aika masa da dami lokacin kaka suka janye hannu, suna cewa ai wane ya yi kuɗi, duniya ta san shi. Ya samu keke ya rasa damin kaka, ga kuma hotonsa yana rarrafe a ƙasa a hannun kowane yaro.

Wani zai ce, to ina gwamnati? Ba an ce ana ba su kuɗin wata ba? Lalle an yi irin wannan a wasu wurare. Gwamna Sule Lamido na Jigawa ya fara ba naƙasassu naira 7,000 kowane wata a 2007. A Sakkwato, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, an riƙa ba su naira 6,500. Gwamnatin tarayya a zamanin Shugaba Buhari ta riƙa ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata, sa'an nan a 2023 aka zo da shirin naira 25,000 na wata uku, wanda aka dakatar na wani lokaci a farkon 2024 saboda binciken kuɗi. Amma 'yan kasuwa sun fi ni sanin abin da ya sami naira. A 2007 dala ɗaya wajen naira 125 ce; a 2024 ta haura 1,500. Mu mutanen bakin iyaka ba ma buƙatar lissafin dala, sefa ta ishe mu ma'auni: sefa dubu ɗaya ba ta kai naira 400 ba a 2014, amma a 2024 ta wuce naira 2,000. Ga janye tallafin man fetur na watan Mayu 2023 da ya ɗaga kuɗin mota da na kwano. Saboda haka mai karɓar kuɗin wata irin wannan, in ma yana samunsu a kan kari, abin da zai saya da su bai wuce hatsin 'yan kwanaki ba. Keke, ko aikin ido, ko rufin ɗaki da ruwa ya ci, ba sa cikin lissafi. Wanda ya ga naƙasasshe yana karɓar na gwamnati ya ce don haka bai cancanci a tara masa ba, bai yi awo a kasuwa ba kwanan nan.

A ƙasashen Turawa matsalar ta juya wata fuska, kuma yana da kyau mu sani. A Amurka, naƙasasshen da ke karɓar kuɗin tallafin gwamnati na marasa hali, in dukiyar da ke hannunsa ta wuce dala 2,000 sai a tsayar masa, kuma wannan iyaka tana nan tun 1989. A Ingila, in ajiyar mutum ta wuce fam 16,000 ya fita daga cikin masu karɓar babban tallafin marasa hali. Watau a can jama'a na iya tara wa mutum kuɗi don tausayi, su jawo masa asarar abincinsa na kowane wata. Sai da Amurka ta yi doka a 2014 ta buɗe wa naƙasassu wani asusu na musamman da ba a lissafa shi cikin waccan iyaka. Ashe abin da ya sami mai gyaran takalmanmu daga maƙwabta, shi ne yake samun nasu daga hukuma.

Labari biyu kuma daga can sun isa darasi. A watan Janairu 2015, a garin Gateshead na Ingila, wani ɓarawo ya tura wani dattijo naƙasasshe mai suna Alan Barnes, mai shekara 67, ya karya masa ƙashin kafaɗa. Wata yarinya, Katie Cutler, ta nemi a tara masa fam 500, sai aka tara kusan fam 330,000. Da iyalinsa suka ga abin ya wadatar, su da kansu suka ce a rufe. Na biyun kuwa a Amurka ne a 2017: wata mata da saurayinta suka watsa cewa wani marar muhalli ya ba ta dala 20 ta ƙarshe da yake da ita lokacin da man motarta ya ƙare. Aka tara sama da dala 400,000 ta kamfanin GoFundMe. A 2018 asiri ya tonu cewa shirya labarin aka yi, aka mayar wa mutane kuɗinsu, kotu ta ɗaure su. A can akwai kamfani a tsakiya mai riƙe da littafin lissafi. A nan kuwa kuɗi daga waya suke faɗawa kai tsaye cikin asusun mutum guda. In ya ci, wa zai mayar?

To, Allah Ya gafarta malam, a nan ne nake ganin aikin ya dawo kanku. Wanda ya sa lambar asusunsa don a tara wa wani, a shari'a wakili ne, abin da ya shigo kuma ajiya ce a hannunsa, ba shi da ko anini a ciki sai abin da aka yarda masa a fili. Wannan ba ya buƙatar doguwar fatawa. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In an umurce mu da rubutu a kan bashin da mutum biyu masu lafiya suka ƙulla, ina ga dukiyar makaho wanda ba ya iya duba saƙon banki? Ku fatake, wane ne cikinku zai ɗora wa direba buhu ɗari zuwa Segbana ba tare da an ƙirga an rubuta ba? Har dillalin da kuka yi shekara ashirin tare sai kun yi lissafi da shi. Me ya sa in sadaka ce sai mu ce tambaya rashin kunya ne?

Abin da nake gani shi ne, kada a watsa hoton kowa sai ya ji an karanta masa abin da aka rubuta, ya yarda da bakinsa, gaban liman ko mai unguwa. A buɗe masa asusu da sunansa. Yanzu da ake da masu POS a yawancin kasuwanni wannan ba abu ne mai wuya kamar da ba, in kuwa ba shi da katin shaidar ɗan ƙasa, to, kai shi ya yi shi ne farkon taimako. A faɗi abin da ake nema da adadinsa. In ya cika, a sanar an rufe, a nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe. In an sami rara, a zauna da shi, shi mai abin, a tambaye shi me yake so, domin rashin ƙafa bai taɓa hankalinsa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya an halatta ba matalauci abin da zai ishe shi shekara daga zakka, saboda haka ba laifi ba ne rarar ta zama jari, keken ɗinki ko injin markaɗe ko 'yan awaki, abin da zai hana a sake ɗaukar hotonsa baɗi.

Maganar hoton nan kuwa tana da nauyi fiye da yadda samari suke zato. Suratul Baƙara ta nuna cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma nuna ɓoye ta ya fi alheri. Na ga hotunan da aka buɗe miki, aka yaye wa tsohuwa zane don a nuna ƙafa, aka sa mutum kuka gaban waya domin kuka ya fi jawo kuɗi. Wanda ya yi haka ya karɓi wani abu daga mutumin kafin ya ba shi. Dokar ƙasa ma ta taɓo wannan. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta hana a yi yawo da naƙasasshe a bainar jama'a don neman sadaka da shi, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Masu shari'a ne za su faɗi ko ta hau kan waya, amma a ganina mai yawo da hoton gurgu yana cin rabi ba shi da bambanci da mai jan sa tasha-tasha. Dokar nan dai ita ce ta ce a ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Da masu watsa hotuna sun sa rabin ƙarfinsu wajen tambayar ina aka kwana a kan wannan kashi biyar, da wasu ƙoƙunan sun kife da kansu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi hana ni barci. Waya tana zaɓe. Wanda yake da ɗan'uwa mai iya rubutu, ko wanda naƙasarsa take fitowa a hoto, shi ake gani. Kurma ba ya fitowa a hoto. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali da ke ɗaure a bayan gida ba sa fitowa. Matar da ta makance a ƙauyen bakin Kwara, inda sai an hau tudu ake samun layin waya, ba ta fitowa. Alƙur'ani ya yabi matalautan da ba sa naci wajen roƙo, har jahili ya zaci mawadata ne, kuma su ne wannan sabuwar hanya ta fi tsallakewa. A da sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu ɗaya-ɗaya, mai son yin alheri ya je ya tambaye su. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce zakka a raba ta inda aka fitar da ita, kada a kai ta nesa da ta kai tafiyar ƙasaru sai in na can sun fi buƙata. Yau sai ka ga ɗan kasuwa a Bagudo ya tura dubu hamsin ga wanda bai taɓa gani ba a wata jiha, alhali kuwa makahon da ke zama ƙofar masallacinsu bai karya ba. Ban ce kada ya tura ba. Na ce ya fara leƙa ƙofar masallacin.

Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, an ruwaito ya ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali, shi da ire-irensa. Kalmar nan ta ire-irensa ita nake so limamanmu su riƙe. Kowane masallacin Jumma'a a ƙasar Bagudo yana iya samun littafi guda mai sunayen naƙasassun da ke kewayensa, da mutum uku amintattu, malami da ɗan kasuwa da ɗaya daga cikin naƙasassun kansu, da asusu guda wanda ba a cire kuɗi sai da hannu biyu. In za a nemi taimakon mutanen nesa ta waya, a nema da sunan wannan asusu, a karanta lissafinsa bayan sallar Jumma'a kowane ƙarshen wata. Wanda ya fara, ya rubuto wa wannan fili mu ji yadda ta kaya.