Yaran Da Ba Wanda Ya San Da Su

'Yan'uwa Musulmi, ba al'adar wannan fili ba ce ya taɓo zancen silima, amma a wannan mako akwai dalili.

A shekarar 2004 wani Bajapane mai suna Hirokazu Kore-eda ya fitar da fim mai suna Dare mo Shiranai, watau "Ba Wanda Ya Sani". Ya samo tushensa daga abin da ya auku a unguwar Sugamo ta birnin Tokiyo a 1988, inda wata uwa ta tafi ta bar 'ya'yanta su kaɗai a ɗakin haya har tsawon watanni. A cikin fim ɗin yaran huɗu ne, kowanne da ubansa daban, ba a rubuta haihuwarsu a wurin hukuma ba, ba su zuwa makaranta. Ƙananan biyu ma a cikin akwatunan tufafi aka shigo da su gidan, don kada mai gida ya sani. Uwar ta bar wa babban, Akira, ɗan shekara 12, 'yan kuɗi, ta bi wani namiji.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin sabuwar shekara, sa'ad da Japanawa kan bai wa yara kuɗi cikin ambulan. Akira ya roƙi wata mai jiran kanti ta rubuta sunayen ƙannensa a kan ambulan, ya kawo musu ya ce daga uwarsu ne. Ƙarya ce, kuma Musulunci ya hana a yi wa yaro ƙarya ko da don a lallashe shi. To, amma wa zai ɗauki alhakin wannan? Ni dai ban ga laifin yaron da alƙalami bai hau kansa ba. Labarin nan shi ne abin da ya rage masa ya rufa wa uwarsa asiri da shi.

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun jera masu haƙƙin reno: uwa, sa'an nan kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa, har zuwa sauran dangi. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Ɗan kasuwan da fatauci ya ɗauke, da ma'aikacin da aka sauya wa gari, nisa ba ya sauke musu wannan nauyi. In kuwa shari'a ba ta tabbatar wa yaro uba ba, ba a cewa shi ke nan. Ɗaukar yaron da aka yasar farilla ce a kan jama'a, in kowa ya kau da kai, kowa ya yi zunubi.

Mutane kuwa sun gani. An yanke wa yaran wuta da ruwa, suna ɗibar ruwa a dandalin wasan yara da rana tsaka, tufafinsu sun yage. Akira ya ƙi zuwa wurin hukuma don tsoron kada a rarraba su. Daga ƙarshe autarsu, Yuki, ta faɗo daga kan kujera ta mutu. Ya sa ta cikin akwati, ya kai ta kusa da filin jirgin sama na Haneda ya binne, domin ya taɓa yi mata alkawarin zai kai ta kallon jirage.