A Bar Wa Mota Tamostat Ɗinta



Maganar wannan makon ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma sai mun yi ta. Duk wanda ya shigo zauren nan ya ce motarsa tana ɗaukar zafi, kafin ya gama bayani an samu masu ce masa: "Cire tamostat, ka sa rewaya ya haɗa fanka dairek." Wanda ya sayo 'yar Kwatano ma ba a jira ta yi laifi. Ranar da ta iso gareji ranar ake fidda shi a jefar, wai na ƙasar sanyi ne, ba zai iya da ranarmu ba. Wannan shawara ɓarna ce, kuma kuɗinta daga aljihun mai mota yake fita kullum, a gidan mai.

Mu fara da zancen "ƙasar sanyi". Motocin da ake kawo mana daga Amurka ba duka daga cikin ƙanƙara suka fito ba. Akwai na Texas da Arizona, inda zafin bazara yake wuce digiri 40 kamar na Sakkwato da Maiduguri. Wanda ya je aikin Hajji ko Umra ya ga Camry da Hiace suna jigila tsakanin Jidda da Makka da Madina cikin ranar da ta fi tamu, da iyakwandishan a kunne. Da tamostat ɗinsu kamfani ya sayar da su a can. Land Cruiser da Hilux da ake ratsa sahara da su daga Agadas, su ma da shi aka ƙera su. To a ce injiniyoyin Toyota sun san zafin Saudiyya amma sun manta da na Kano?

Abin da ba a gane ba shi ne, zafin inji ba daga rana yake zuwa ba. Wuta ce take ci a cikin silinda, kuma an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 85 zuwa 100. A nan ne fistan da ringi suke buɗewa su zauna daidai, baƙin mai ya saki jiki ya ratsa ko'ina. Tamostat ƙofa ce kawai. Akwai wani kaki a cikinsa da yake kumbura idan ya ji zafi. Da safe ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaya cikin inji kaɗai don ya yi saurin ɗumi. Idan ya kai zafin da aka rubuta a jikinsa, wanda a yawancin Toyota 82 ne, sai ta buɗe ruwa ya tafi lagireto. A rana ta Afrilu, cikin cunkoso, ƙofar nan a wangale take gaba ɗaya, babu abin da ta tare. Ke nan a lokacin da kake tsoron zafi, tamostat mai lafiya ba ya hana komai. Cire shi kuwa ba zai ƙara wa lagireto girma ba.

Amma ga abin da cirewar take jawowa. Birenbos tana da na'urar da take gaya mata zafin ruwa. Muddin ta ga inji bai yi ɗumi ba, za ta ci gaba da ƙara mai, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci. Motar da aka cire wa tamostat, musamman da asuba lokacin hunturu ko a doguwar hanya da iska take dukan lagireto, sai ta daɗe ba ta kai zafinta ba, wani lokacin ma ba ta kaiwa sam. Wato kana tafiya da cok a ja. Da can da lita take ƙasa da naira 200, ana iya kau da kai. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wa yake da man zubarwa? Kuma man da bai ƙone ba ba ɓacewa yake yi ba. Yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, fulogi su yi baƙi, ringi su ci da wuri, sauran ya tafi salansa ya dafa indomi. Bayan shekara biyu mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, sai a ce ai injin Beljiyam ɗin ne ba shi da kyau.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A injina da yawa, tamostat ƙofa biyu yake tsarewa. Idan ya buɗe hanyar lagireto, gindinsa yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa yake bi ya koma inji kai tsaye. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai ko leƙa lagireto ba. Irin wannan injin, cirewar ce ma take sa shi ɗaukar zafi a cunkoso. An gudu ba a tsira ba.

Fanka dairek kuwa ƙanwar wannan ɓarnar ce. An yi fanka ta tashi idan ana buƙatarta, ta huta idan mota tana gudu iska tana shiga da kanta. Ka sa ta juyawa tun daga kunna makulli har kashewa, ka gajarta mata kwana, ka ɗora wa altaneta kaya. Sau da yawa kuma wayar da ake ja ba a bi da ita ta fiyus, a naɗe ta da salatif a bar ta kusa da inji mai zafi. Allah ya tsare mu da gobara.

Mun san abin da za a ce: "Ni na cire nawa, zafin ya daina." E, yana faruwa. Tamostat yana tsufa ya maƙale a rufe, kuma idan ya maƙale mota za ta tafasa cikin 'yan mintuna. Idan haka ta same ka tsakanin Zariya da Funtuwa, cire shi ka isa gida, babu laifi. Amma maganin wanda ya lalace shi ne sabo. Idan birki ya maƙale, canzawa ake yi, ba a cirewa a ce mota ta huta da birki. Wani lokacin kuma tamostat ɗin lafiyarsa ƙalau, cire shi ya ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye, ko gasket ta fara ƙonewa.

Murfin nan da ake rainawa, a duba shi. Za a ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, shi yake sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, har wajen 120. Murfi ya lalace, ruwa ya riƙa tafasa yana ƙarewa, sai a kama tamostat da laifin da ba nasa ba. Haka ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗura wa lagireto kullum. Ku leƙa cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa irin ruwan nan, ku ga farin abin da ya kama ta. Shi ne yake toshe siraran bututun lagireto, ga tsatsa tana cin famfo. Ruwan lagireto mai launi ba ado ba ne, maganin tsatsa ne a ciki.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, wannan zauren na masu son taɓa mota da hannunsu ne. Muna da masu kashe dubban ɗaruruwa a kan rim da sifika da baƙin gilashi, amma ba su taɓa tambayar ko akwai tamostat a motar ba. Gwajin kuwa a kicin ma ana yin sa. A ɗaure shi da zare a rataya cikin tukunyar ruwa, a ɗora a wuta. Mai lafiya zai fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya wangale, ya rufe idan ya huce. Wanda ka sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ma yi masa wannan gwajin kafin ka ɗaura, don jabu sun yi yawa, kuma su suka ƙara ɓata wa tamostat suna. Idan yana da ɗan ƙaramin rami mai ƙarfe yana lilo, ramin ya kalli sama, ta nan iska take fita. Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana saɓule fata.

Mai son sanin halin da tasa take ciki, motocin Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya za ta nuna zafin ruwa da lamba. Ka yi tafiyar minti 20 ka ga tana yawo a 60 ko 65, ko ta nuna maka P0128, to ko dai an cire, ko ya maƙale a buɗe.

Ga ogoginmu na gareji da suke cikin zauren nan, muna girmama ku, da yawanmu a hannunku muka koyi riƙe sufana. Amma wannan al'ada an gaje ta ne tun zamanin kafireta, kafin birenbos ta zo tana lissafa mai da zafin ruwa. Duk wanda bai yarda ba, ga hanya mai sauƙi: ya cika tanki ya rubuta kilomita na mako biyu babu tamostat, ya mayar da shi tare da fanka yadda kamfani ya haɗa, ya sake aunawa a hanya ɗaya. Ya kawo mana lambobin a nan ƙasa, da sunan motar da shekararta.